Daga Barkin Sale Zuwa Tashar Jirgi: Kasuwar Minna Jiya Da Yau

Baƙon da ya shigo Minna ta hanyar Bida, da zarar ya iso shataletalen Kpakungu zai ji yaran mota da masu Keke Napep suna ta ƙwala kiran sunayen unguwanni: Soje, Sauka-ka-huta, Barkin Sale, Limawa, Kasuwa. Mutanen gari sun saba da sunayen nan har ba su tsayawa su yi tunani a kansu. Amma wanda ya natsu zai lura da cewa da yawa daga cikinsu sunaye ne na Hausa, alhali ƙasar tun asali ta Gwarawa ce, kuma kowane suna yana ɗauke da labarin mutanen da suka fara sauka a wurin da abin da ya kawo su.

Barkin Sale unguwa ce mai cunkoson jama'a, tana maƙwabtaka da Soje da Kpakungu da Sauka-ka-huta. Sunan gajartawa ce ta Barikin Sale, watau barikin wani mai suna Sale, kamar yadda a ke da Barikin Ladi a Jihar Filato. Ita kalmar bariki daga bakin Turawa aka same ta, ma'anarta ta farko kuwa mazaunin soja. Hausawa suka faɗaɗa ta. Gidan Razdan da na Di'o bariki ne, shi ya sa har yanzu a Katsina da Zariya a ke yin hawan bariki bayan Salla. Masaukin baƙi na gwamnati a bakin hanya bariki ne. Sansanin leburorin reluwe da na masu haƙar kuza shi ma bariki ne. Daga bisani kalmar ta ɗauki wata ma'ana mai nauyi, ta zama duk wurin da mutum ya ke zaune nesa da idon iyayensa da na dagacinsa, yana cin guminsa, ba ya samun ko ruwan sha sai da kuɗi.

In da wannan ma'auni za a auna, to, Minna ɗungum bariki ce. Kano tana da ganuwa da Kasuwar Kurmi tun ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa. Minna kuwa jirgin ƙasa ne ya kawo mata kasuwa, kuma duk wanda ke son ya gane garin sai ya fara daga bakin dogo.

YADDA DOGO YA ISO

Kafin dogo, Gwarawan Minna a kan tsaunin Paida su ke zaune, suna noman doya da dawa a gindinsa. A 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin Kogin Kwara, za a kai shi Kano. Daga Baro zuwa Minna mil 111 ne. Jirgi ya isa Kano a 1911, a 1912 kuma aka haɗe reluwen Ikko da na Baro suka zama abu guda, mahaɗarsu kuwa Minna. Nan take wurin da babu komi sai gonaki ya zama inda jirgin Kudu da na Arewa su ke gamuwa, a sha ruwa, a ɗebi gawayi, a sauya ma'aikata.

Aikin dogo mutane ya ke ci. Hausawa da Nufawa suka zo leburanci da fatauci, Yarbawa da Ibo suka zo aikin akawu da direba da makaniki. 'Yan kwangilar da ke kawo wa Turawa leburori da itace suka yi unguwarsu, sunanta har yau Kwangila. Maƙera suka yi Makera, malamai da limamai suka yi Limawa, baƙin Kudu suka yi Sabon Gari. A 1924 aka mai da hedkwatar Lardin Neja nan Minna, a shekarun 1930 kuma haƙar zinariya a ƙasashen da ke kewaye ta ƙara jawo masu neman arziki. Shahararren marubucin nan Cyprian Ekwensi a Minna aka haife shi a 1921. Haka kuma Ben Okri, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Booker a Ingila a 1991, nan aka haife shi a 1959, ubansa yana aikin reluwe. Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar, waɗanda dukansu suka shugabanci Nijeriya, 'ya'yan garin ne, ɗaya 1941, ɗaya 1942.

TASHA DA KANTUNA

Daga Barkin Sale zuwa tasha ba wata tafiya ba ce, sai dai a ƙetare dogo. Ginin tashar irin na Turawan mulki ne, ga rumfar fasinja, ga layukan dogo birjik inda a da a ke jera taragai. A nan ne aka ajiye wani ɗan ƙaramin kan jirgi domin tarihi, wanda ya yi aiki a kan siririn dogon da Lugga ya sa aka yi tsakanin Barijuko da Zungeru a farkon ƙarnin da ya wuce. Shi ne jirgin ƙasa na farko da ya yi tafiya a Arewa. Abin mamaki, yara da yawa sun girma a Minna, sun yi makaranta sun gama, ba wanda ya taɓa kai su su gan shi.

A zamanin da jirgi ke da ƙarfinsa, isowarsa ita ce babbar kasuwar gari. Kafin ya gama tsayawa 'yan talla sun yanyame tagogi da doya da lemo da rake da dafaffen ƙwai da soyayyen kifi. 'Yan dako suna ta kai da kawowa, masu masauki suna farautar baƙi, mai shayi ba ya kashe wuta har asuba. Fasinjan Ikko da zai tafi Kano ya san a Minna zai sayi doyar tsaraba, domin ba zai same ta da araha haka a gaba ba.

Kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC da PZ sun kafa kantuna da rumbunan ajiya a garuruwan bakin dogo, suna sayen gyaɗa da auduga da ƙwarar kaɗanya, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir da kwanon rufi. A Minna kantunan sun daɗe da tashi, amma sunan PZ ya maƙale wa wurin, har yanzu in mutum ya ce wa ɗan acaɓa PZ ba sai ya ƙara bayani ba.

Abin da ya karya tasha mota ce. Da aka yi ta shimfiɗa kwalta bayan yaƙin basasa, kaya suka koma kan manyan motoci, reluwe kuma ya shiga halin rashin kuɗi da rashin gyara. Dogon Baro, wanda shi ne mafarin komi, shi ya fara mutuwa. A watan Disamba 2012 an sake ta da jirgin Ikko zuwa Kano bayan an gyara hanya, mutanen Minna suka yi murna, amma tasha ba ta koma yadda ta ke a da ba.

MOBIL DA TSOHUWAR KASUWA

Da ciniki ya bar bakin dogo, sai ya tattara a shataletalen Mobil, wanda ya samo suna daga gidan mai. A ran 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Neja daga cikin Jihar Arewa maso Yamma, aka mai da Minna babban birninta, Kwamanda Murtala Nyako ya zama gwamna na farko. Ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato, kowa yana neman ɗakin haya da katifa da tukunya. Unguwannin bayan dogo irin su Barkin Sale suka cika suka batse, Babbar Kasuwar Minna da ke kusa da Mobil kuwa ta zama zuciyar gari.

Wanda ya san kasuwar nan a lokacinta ya san abin da a ke kira cakuɗuwar jama'a. Ga Bayarbiya mai atamfa, ga Ibo mai kayan gyaran mota da magani, ga Banufiya da shinkafa da ƙuli-ƙulin Bida, ga Bahaushe mahauci da mai goro, ga matan Gwari sun shigo tun da sassafe da doya da itace a kafaɗa, gama su ba su ɗora kaya a ka. Kowa da harshensa, amma ciniki da Hausa a ke yi. Ba nisa daga nan Babban Masallacin Juma'a ya ke, ran Juma'a kuwa hanyoyin da ke kewaye da shi su kansu kasuwa su ke komawa, ta turare da hula da littattafai da maganin gargajiya. Fadar Sarkin Minna ma tana cikin tsohon gari. Alhaji Ahmadu Bahago shi ne sarki na farko, ɗansa Alhaji Umaru Faruk Bahago ya hau a 1988.

Zamanin Gwamna Mu'azu Babangida Aliyu, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, aka tashi kasuwar aka mai da ita sabuwar da aka sa wa sunan Injiniya Abdulƙadir Kure. Dalilan da aka bayar na gaskiya ne: cunkoso ya yi yawa, hanya ta toshe, in gobara ta tashi motar kashe wuta ba ta da wurin shiga. Sabuwar kasuwa tana da fili da tsararrun rumfuna. Amma babban ginin da aka yi shirin tsayarwa a tsohon filin, har gwamnatin ta sauka bai kammala ba. Akwai kuma hasarar da ba a lissafa ba. Mai rumfa ya sami rumfa a sabon wuri, amma mai faranti da mai tura baro da tsohuwar da ke kasa daddawa a bakin ƙofa, su jama'ar da ke wucewa ce jarinsu, jama'ar kuwa ba a iya kwasarta a mota a kai ta wani wuri.

Duk da haka Mobil bai mutu ba. Rukunin kantunan Obasanjo da ke wurin ya zama matattarar masu sayar da wayar hannu da masu gyaranta, samari ne cike, har da ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983. Mai neman doya da hatsi da kayan miya da araha kuwa, Kasuwar Gwari da ta Gwadabe ya ke nufa.

DARE A BARIKI

Garin ma'aikata da dare ya ke shaƙatawa. Kamar sauran garuruwan dogo, Minna ta yi zamanin silima, lokacin da fim ɗin Indiya da na kaboyi su ke tara samari bayan sallar lisha, da zamanin otal-otal na Sabon Gari inda makaɗan Kudu ke wasa ran Asabar, da dandalin kalangu da dambe. Bidiyo ya kashe silima a shekarun 1990. A 2000 kuma gwamnatin Kure ta kawo shari'ar Musulunci tare da dokar da ta taƙaita sayar da giya a manyan garuruwan jihar, mashaya da yawa suka rufe ko suka koma bayan gari.

Ƙwallon ƙafa ne ya gaji wurin. Filin wasa na Bako Kontagora shi ne gidan Niger Tornadoes, wadda ta ci Kofin Ƙalubale na ƙasa a 2000 bayan ta doke Rangers ta Inugu, ta sake kai wa wasan ƙarshe a 2017 Akwa United ta fi ta a bugun fenariti. Bukukuwa da wasannin gargajiya kuwa sai ɗakin taro na U.K. Bello, wanda aka sa wa sunan dogarin Janar Babangida da aka kashe a yunƙurin juyin mulki na watan Afrilu 1990.

Amma in ana son ganin abin da ya rage na tsohon daren bariki, cikin unguwa za a shiga. A Barkin Sale, da magariba ta yi sai bakin hanya ya sake kama. Mai tsire ya hura wuta, mai shayi ya jera benci, mata su fito da ƙosai da awara da soyayyar doya, gidajen kallon ƙwallo su ta da janareta, a ji ihu ya tashi don an ci wata ƙungiya a Ingila ko Sifen. Galibin gidajen na haya ne, ɗaki-ɗaki, Banufe da Bagwari da Bahaushe da Bayarabe a tsakar gida ɗaya, ɗan garuwa ɗaya ke kawo musu ruwa. Mutane da yawa a nan abin da suka samu tsakanin magariba da ƙarfe 11 shi ne cefanen gobe.

Wannan ciniki ne faɗan 'yan daba ya fi cutarwa. Shekaru da dama ke nan samarin waɗansu unguwannin Minna suna kai wa juna hari da adduna da wuƙaƙe, sunan Barkin Sale kuwa yakan fito a labari tare da Soje da Limawa da Unguwar Daji, har waɗansu sun ɗauka unguwar ba ta da kowa sai su. Wannan rashin adalci ne ga dubban magidanta da ke fita neman halaliyarsu. A watan Afrilu 2025 Gwamna Muhammad Umar Bago ya hana 'yan acaɓa da masu Keke Napep aiki daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe domin a shawo kan abin. Mutane da yawa sun yi na'am, gama an gaji da zubar da jini. Sai dai ƙarfe 6 na yamma shi ne daidai lokacin da mai tsire ya ke kafa tukubarsa, masu saye kuwa a kan babur su ke zuwa.

Gwamnatin Bago, tun hawanta a 2023, ta kuma duƙufa ga faɗaɗa hanyoyin cikin Minna, abin da ya ci shaguna da rumfuna da dama na bakin titi. Gari yana bukatar hanya, babu mai musun wannan. Abin da ya kamata hukuma ta haɗa da shi guda biyu ne: a tanadi wuri mai fitila da tsaro inda masu cinikin dare za su kasa kayansu kusa da jama'arsu, sa'an nan a sa ginin tasha da ɗan kan jirgin Zungeru cikin abubuwan da katafila ba za ta taɓa ba, a gyara su, a buɗe wa 'yan makaranta ƙofa.