Babban Faifai Zai Shiga Ƙaramin SSD? Abin da Ke Gaskiya da Abin da Ke Ji-ta-ji-ta

Daga shagunan buga takardu na Dawakin Kudu har zuwa ofisoshin masu casar shinkafa a Kura da Bunkure, wata magana ta zauna daram: wai kwamfutar da ke da faifan HDD mai gigabait 500 ba ta komawa kan SSD mai 256 sai an goge komai an sake ɗora Windows. Saboda wannan tsoro, mai shago kan haƙura da kwamfutar da sai ya sha shayi kafin ta gama tashi. Ba laifinsa ba ne. A cikinta ne lissafin bashin dillalai yake, ko sunayen manoman da ke shan ruwan madatsar Tiga ta magudanan Kadawa, kuma ba wanda zai yi wasa da wannan.

Maganar ba haka take ba. Abin dubawa shi ne yawan kayan da ke cikin faifan, ba girman faifan ba. Rumbun da ke cin buhu ɗari, in buhu talatin ne a cikinsa, ɗaki mai cin hamsin ya ishe su. Manhajojin kwafar faifai suna aiki ta hanya biyu. Ta farko tana kwafe kowane lungu, har wuraren da babu komai, kuma ita kam dole sabon faifai ya kai tsohon girma. Daga nan ji-ta-ji-tar ta samo tushe. Ta biyu tana ɗaukar wuraren da ke da bayanai kawai, ta rage girman ɓangarorin su dace da sabon wuri. Samsung Data Migration na yin haka, haka ma Acronis da ake bayarwa kyauta ga wanda ya sayi SSD na Crucial. Clonezilla kuwa, duk da ingancinta, ba ta rage ɓangare da kanta, sai kai ka fara ragewa.

A lissafin ne ake tuntuɓe. SSD da aka rubuta wa 256 a kwali, Windows zai nuna maka kusan 238, kamar yadda mai 500 ke nuna 465. Ba cuta aka yi maka ba, kamfani da Windows ne kowa da irin ƙirgarsa. In kayanka 150 ne, bismillah. In sun kai 230, ka dakata, domin SSD da ya cika maƙil yakan yi sanyin gudu.

Sai batun faifan da aka raba. Masu gyara sun saba raba shi biyu, C na Windows, D na ajiya, kuma ana cewa rababben faifai ba ya kwafuwa. Yana kwafuwa. Gaskiyar da ke ɓoye a cikin maganar ita ce ɓangarorin sun fi biyun da kake gani. A kwamfuta mai tsarin UEFI akwai ɗan ƙaramin ɓangare na EFI, galibi megabait 100, wanda shi ke tayar da Windows, akwai kuma na farfaɗowa idan tsarin ya lalace. Wanda ya kwafi C kaɗai ya bar EFI, zai kunna ya ga baƙin allo, ya ce SSD ɗin jabu ne, alhali aikin ne bai cika ba. Ni dai shawarata, a kai Windows da ƙananan ɓangarorin nan kan SSD, a bar D a tsohon faifai, a sa shi cikin akwatin USB ko a gurbin DVD. Finafinai da hotunan biki ba sa buƙatar gudu.

Wani lokaci Disk Management kan ƙi rage C fiye da wani matsayi ko da fili na nan. Wasu fayiloli ne da ba sa motsi, irin su pagefile da hiberfil, suka tokare hanya. A kashe su na ɗan lokaci, a rage, a mayar. In kuma BitLocker na kunne, a cire kullen tukuna.

"Lasisin Windows zai tafi." A'a. Lasisin Windows 10 da 11 na zamani yana ɗaure da babban allon kwamfutar, canza faifai ba ya taɓa shi. "Kwafa na wanke bayros." Wannan ma a'a, da cutar da shara duk tare suke ƙaura. SSD kuma ba zai sa tsohuwar kwamfuta ta cancanci Windows 11 ba in ba ta da TPM 2.0, duk da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Maganar cewa SSD na saurin mutuwa ta fi sauran buƙatar natsuwa. Ƙwayoyinsa suna da iyakar rubutu, wannan gaskiya ne. Amma Samsung 870 EVO mai gigabait 250 an ba shi tabbacin terabait 150, wato ko kana rubuta gigabait 20 kullum, sai ka kwashe kimanin shekara 20. Ya kuma fi HDD jure girgizar babur a hanyar gona, tunda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Abin da ya fi damuna daban ne. HDD yakan yi ƙara ko ya riƙa tsayawa kafin ya mutu, SSD kuwa kan ɗauke rana ɗaya ba sallama, kuma fayil ɗin da aka goge a kansa da wuya ya dawo saboda tsarin TRIM. Haka nan ba wurin ajiyar shekaru ba ne a cikin durowa, musamman a zafin Afrilu irin namu. In na hannu za ka saya a Farm Centre ko titin Beirut, ka ce a buɗe maka CrystalDiskInfo ka ga awannin da ya yi yana aiki da abin da ya rage na lafiyarsa.

Ɗaukewar wuta fa? Lokacin kwafa karanta tsohon faifai kawai ake yi, saboda haka in wuta ta tafi, sake aikin za a yi. Haɗarin na lokacin rage ɓangare ne, domin a nan ana taɓa asalin kayan. A yi shi da cikakken batir ko da rana a kan sola, bayan an ajiye muhimman takardu a wani wuri daban. Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne juya zaɓi, a kwafe sabon faifai wanda babu komai a kan tsohon. A karanta suna da girman kowanne sau biyu kafin a danna.

Bayan an gama, a cire tsohon a tayar da kwamfutar da SSD shi kaɗai, a buɗe takardun lissafi, a gwada firinta. In mai gyara ya ce, "Alhaji, a bar mini tsohon in rage maka kuɗi," in ba a kansa ka bar D ba, ka ce sai bayan mako biyu, kuma sai an goge shi a gabanka.