Jinin Namiji da Shaidar Maraina

Makiyayi bai taɓa buƙatar likita ya gaya masa bambancin bunsuru da taure ba. Ya san in aka dandaƙe dabba tana ƙarama, warinta da faɗanta da neman mata duk sai su kwanta. Abin da ya daɗe a ɓoye shi ne hanyar da maraina ke isar da umurninsu ga sauran jiki.

A shekarar 1849 wani malami a Gottingen ta ƙasar Jamus, Arnold Berthold, ya fiɗiye 'yan zakaru, sa'an nan ya dasa wa waɗansunsu ƙwaya ɗaya a cikin ciki. Waɗanda aka dasa wa suka yi zanko, suka yi cara, suka yi faɗa kamar kowane zakara, alhali jijiyoyin ƙwayar duk an yanke. Ashe saƙon ta jini yake tafiya. Sai a 1935 aka tace sinadarin daga marainan bijimai a Amsterdam, aka sa masa suna testosteron. Shi ke buɗe murya, ya fid da gemu, ya taimaka wajen yin maniyyi.

Amma testosteron shaida ne mai yawan yin shiru. Yakan tashi tun yaro yana ciki, ya sāke tashi a watannin farko bayan haihuwa, sa'an nan ya kwanta, kusan ba a ganinsa har balaga ta gabato. To, in aka kawo yaro ɗan shekara huɗu wanda ba a ji ƙwayoyinsa a cikin jakarsu ba, awon testosteron kaɗai ba zai faɗi ko suna ɓoye a ciki ne ko babu su ɗungum ba.

Nan ne wani sinadari, da likitoci ke taƙaitawa AMH, ya fi amfani. Alfred Jost na Faransa ne ya gano aikinsa a 1947, cikin 'yan tayin zomaye: shi ke shafe hanyoyin da za su zama mahaifa. Yana da yawa a jinin yaro duk tsawon ƙuruciya, sai ya ragu sa'ad da testosteron ya hau. In an same shi, lalle akwai maraina, a neme su a sauko da su, gama barinsu a zafin ciki yana rage haihuwa. In kuwa babu shi ko kaɗan, galibi babu abin nema, sai dai a shirya ba yaron testosteron in lokacin balagarsa ya yi.