Shekaru 100 na rundunar RICM: ina labarin sojojin Afirka da suka kama Douaumont tare da ita?

Ranar 9 ga watan Yunin 2015 rundunar sojan Faransa da ake kira RICM ta cika shekaru 100 da samun wannan suna, kuma a shekarar ta yi bukukuwan cikar ƙarni a Poitiers, birnin da barikinta yake tun 1996. A duk sojan Faransa babu rundunar da tutarta ta kai tata yawan lambobin yabo. Lambar da ta fara ɗaga sunanta ta samo ta ne a yini guda, 24 ga Oktoban 1916, ranar da aka ƙwato ganuwar Douaumont daga hannun Jamusawa a yaƙin Verdun.

Takardar da gwamnatin Faransa ta fitar domin ba ta wannan lamba ta faɗi a fili cewa ba ita kaɗai ta yi aikin ba. An ƙarfafa ta da bataliya ta 43 ta sojojin Afirka ta Yamma da rukuni biyu na sojojin Somali. RICM tana nan har yau da barikinta da tutarta da masu yi mata biki. Bataliya ta 43 kuwa an rusa ta bayan an gama yaƙi.

Sunan Maroko, dakarun Faransa

An harhaɗa rundunar a Rabat cikin watan Agustan 1914, a kwanakin farko na Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga bataliyoyin sojan mulkin mallaka da Faransa ta girke a Maroko. Ta sauya suna kafin a tsaya a kan Régiment d'infanterie coloniale du Maroc a 1915, wato rundunar sojan ƙasa ta mulkin mallaka ta Maroko. Sunan kan ruɗi mutane. Maroko wurin haihuwarta ne kawai, akasarin dakarunta Faransawa ne.

A shekaru huɗu na yaƙin ta yi asarar mutum kusan 15,000 tsakanin matattu da masu rauni, abin da ke nufin an cika ta an sake cika ta sau da dama. Sau goma ana yaba mata a matakin babbar rundunar yaƙi. A 1958, da kalmar mulkin mallaka ta zama abin kunya, aka mai da sunan Régiment d'infanterie chars de marine, haruffa huɗun suka zauna yadda suke. Yau runduna ce ta motocin sulke, amma tana riƙe da kalmar sojan ƙasa a sunanta saboda tarihi.

Abin da ya faru a Douaumont

Yaƙin Verdun ya fara ranar 21 ga Fabrairun 1916, ya kai har tsakiyar Disamba. Mutum sama da 300,000 suka mutu ko suka ɓace daga ɓangarorin biyu a kan fili da bai kai girman wata ƙaramar gunduma ba. Douaumont ita ce mafi girma cikin ganuwowin da ke kewaye da garin, an gina ta da siminti a kan tudu. Jamusawa sun kama ta ranar 25 ga Fabrairu kusan ba tare da harbi ba, domin an riga an kwashe mafi yawan igwoginta da masu gadinta. Abin ya zama tabo ga Faransa. Yunƙurin ƙwato ta a watan Mayu ƙarƙashin Janar Charles Mangin ya ci rayuka masu yawa kuma bai yi nasara ba.

A watan Oktoba aka sake shiri. An kawo manyan igwogi masu bakin milimita 400 da ake ja a kan layin dogo, suka yi ta dukan ganuwar har wuta ta tashi a cikinta, yawancin Jamusawan da ke ciki suka janye. Ranar 24 ga wata, cikin hazo mai kauri da taɓo, dakarun suka fito daga ramukansu. RICM da bataliya ta 43 da Somaliyawa suka ratsa ramukan Jamusawa na gaba, suka ci gaba kimanin kilomita biyu, kafin bataliyar Kwamanda Nicolaÿ ta RICM ta shiga ganuwar. A watan Nuwamba aka rataya wa tutar rundunar lambar Légion d'honneur.

Su wane ne "ƴan Senegal"?

Faransa na kiran waɗannan sojoji Tirailleurs sénégalais, sunan da ya samo asali tun 1857 lokacin da Gwamna Louis Faidherbe ya kafa bataliyar farko a Senegal. Da mulkin mallaka ya faɗaɗa, sunan ya rufe kowa: Bambara daga Sudan ta Faransa wadda ita ce Mali a yau, Mosi daga ƙasar da ta zama Burkina Faso, mutanen Gini, Kodibuwa, Dahome da Nijar. Bataliyar Somali kuma an ɗebo ta ne daga yankin Jibuti, Yaman da tsibiran Komoros.

Mangin, wanda ya jagoranci harin Douaumont, shi ne ya wallafa littafin La Force noire a 1910, inda ya nemi Faransa ta cike giɓin yawan jama'arta da na Jamus da samarin Afirka. A tsawon yaƙin an ɗebi mutum kusan 200,000 daga Afirka ta Yamma, kimanin 135,000 suka je Turai, kusan 30,000 ba su dawo ba.

Kaɗan ne suka tafi don ra'ayin kansu. Ana yanka wa kowane sarki ko mai gari adadin samarin da zai kawo, shi kuma sau da yawa ya tura ƴaƴan talakawa da bayi. Ƙauyuka sun watse, mutane suka tsallaka zuwa ƙasashen da ke hannun Ingila, wato Najeriya, Gana ta yau da Gambiya. A yankin Bani da Volta, ɗibar soja ta haddasa yaƙin 1915 zuwa 1916, ɗaya daga cikin manyan boren da Faransa ta fuskanta a Afirka. Sai a 1918, da aka turo ɗan majalisa Blaise Diagne na Senegal da alƙawuran lambobi da sassaucin haraji da damar zama ɗan ƙasa, aka tara mutum 63,000 a Afirka ta Yamma ba tare da babban tashin hankali ba.

Sanyi ya kashe su kamar yadda harsashi ya kashe su. Shi ya sa ake janye su zuwa Fréjus a kudancin Faransa idan hunturu ya shigo. A watan Afrilun 1917 aka tura su harin Chemin des Dames cikin ruwa da ƙanƙara, hannuwansu a sandare, aka yi asarar sama da 6,000 a ƴan kwanaki.

A daidai lokacin, a Agadez

Nijar a 1916 yankin mulkin soja ce, babban birninta Damagaram. Watanni biyu bayan Douaumont, a Disamban 1916, Kawsan da mayaƙansa, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, suka yi wa barikin Faransa na Agadez ƙawanya. Sojojin da ke cikin barikin tirailleurs ne, haka akasarin dakarun da suka taso daga Damagaram suka karya ƙawanyar a farkon Maris 1917. Kisan da ya biyo baya, har da na malamai, yana nan a zukatan mutanen Abzin. An kashe Kawsan a Murzuk ta Libiya a 1919, Tagama kuma ya rasu a tsare a Damagaram a 1920.

Tun kafin nan, a 1899, ayarin Voulet da Chanoine da ya ƙone Birnin Ƙonni, ya yi arangama da Sarauniya a Lugu, akasarinsa baƙaƙen sojoji ne ƙarƙashin hafsoshin Faransa kaɗan. Wannan ne ya sa tuna tirailleurs yake da nauyi a Nijar. Kakin da ya yi jarumta a Verdun shi ne ya ci garuruwa a nan, kuma sau da yawa wanda ke cikinsa shi ma kamo shi aka yi.

Yadda aka raba hanya

Bataliya ta 43 ba ta fita hannu wofi ba. An yaba mata sau huɗu, kuma bayan yaƙi lambobinta suka koma kan tutar runduna ta ɗaya ta tirailleurs. Sai dai bataliyoyin irin nata an kafa su ne don yaƙin kawai. Da aka gama, aka sallami mutanen, kowa ya koma ƙauyensa da ɗan littafin soja da raunukansa. Rundunonin tirailleurs gaba ɗaya sun ɓace a farkon shekarun 1960.

Abin ya maimaita kansa a Yaƙin Duniya na Biyu. RICM ce rundunar leƙen gaba ta babbar runduna ta 9 ta sojan mulkin mallaka, wadda sojan ƙasarta tirailleurs ne. Tare suka sauka a gaɓar Provence a Agustan 1944, tare suka ƙwato Toulon. Da kaka ta shigo, aka janye dubban baƙaƙen sojojin, aka karɓi kaki da makamansu aka bai wa samarin Faransa. Faransawa da kansu suna kiran matakin "farantawa". A watan Nuwamba, da RICM ta isa kogin Rhin, waɗanda suka taso da ita daga bakin teku ba sa cikin sahu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ranar 1 ga Disamban 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa ya buɗe wuta kan tirailleurs da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus suna neman haƙƙoƙinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama na maganar ɗaruruwa. Sai a Nuwamban 2024 Shugaba Emmanuel Macron ya amince a rubuce cewa kisan kiyashi ne.

Sai batun fansho. Wata doka ta Disamban 1959 ta daskarar da kuɗin mazan jiya na ƙasashen da ke shirin samun ƴanci, yayin da na takwarorinsu Faransawa ke ƙaruwa da tsadar rayuwa. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, bayan ya riga ya rasu. Cikakken daidaito bai zo ba sai 2011. Abdoulaye N'Diaye, wanda ake ɗauka shi ne tirailleur na ƙarshe na yaƙin 1914, ya rasu a ƙauyensa na Senegal ranar 10 ga Nuwamban 1998, kwana guda kafin a rataya masa Légion d'honneur. A 2017 Shugaba François Hollande ya bai wa tsofaffin sojoji 28 takardar zama ƴan ƙasa, a 2023 kuma aka ɗage sharaɗin zaman wata shida a Faransa kowace shekara kafin su karɓi tallafin tsufa.

RICM ta ci gaba da tafiya: Indoshin, Aljeriya, Chadi, Lubnan, yaƙin Tekun Fasha na 1991. Ranar 6 ga Nuwamban 2004 jiragen sojan Kodibuwa suka jefa bama-bamai a sansanin Faransa na Bouaké, sojoji tara suka mutu, biyar daga cikinsu ƴan RICM ne. A 2013 ta shiga farmakin Serval a Mali, ƙasar da ta ba da ɗimbin waɗanda suka yi Verdun.

Inda za a iya bin sawu

Mai zaune a Faransa da ya je Douaumont zai tarar da ginin da aka tara ƙasusuwan sojoji kusan 130,000 da ba a gane su ba, Faransawa da Jamusawa a haɗe. A gabansa akwai maƙabarta mai kaburbura sama da 16,000, cikinsu 592 na Musulmi da ke fuskantar alƙibla. Kusa da su akwai ginin tunawa da sojoji Musulmi da Shugaba Jacques Chirac ya buɗe a Yunin 2006, shekaru 90 bayan yaƙin. A Fréjus kuma akwai jan masallacin Missiri da tirailleurs suka gina a ƙarshen shekarun 1920 bisa fasalin masallacin Djenné.

Wanda ke Maraɗi ko Tawa ma yana iya bincike da wayarsa. Ma'aikatar tsaron Faransa ta sa katunan sojoji sama da miliyan 1.3 da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918 a shafinta na intanet mai suna Mémoire des hommes. Kowane kati na ɗauke da suna, bataliya, wurin haihuwa da ranar mutuwa. Sai an yi haƙuri, domin magatakardan Faransa sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya ji, Mamadou a madadin Mamman ko Muhammadu, wurin haihuwa kuma sau da yawa sunan gunduma ne kawai. Ɗan littafin soja ko lambar yabo da ke ƙasan akwatin wani kaka na iya ba da lambar da za ta warware ruɗanin, don haka ya cancanci a ɗauke shi hoto kafin gara ta gama da shi.

A 2004 Senegal ta ware 23 ga Agusta a matsayin ranar tirailleurs. A Nijar, rundunar FAN da aka kafa ranar 1 ga Agustan 1961 ta taso ne da mutanen da suka fito daga sojan mulkin mallaka. Seyni Kountché ya shiga wannan soja a 1949, ya yi Indoshin da Aljeriya. Sojojin Faransa na ƙarshe sun bar Nijar ranar 22 ga Disamban 2023, amma takardun kakannin ƴan Nijar da suka sa kakinta suna can a ɗakunan ajiyar Faransa. FAN za ta cika shekaru 100 a 2061. Mazan jiyan da suka ga Indoshin da Aljeriya da idonsu sun haura shekaru 80, kuma abin da za a karanta a wancan biki ya danganta da abin da aka naɗa daga bakinsu yanzu.