Gurgu Ma Yana Iya Hawa Jirgin Sama

A zamanin kakanninmu, wanda ya yi niyyar Makka sai ya ɗaure kayansa ya kama hanyar gabas da ƙafa, ko bisa jaki. Ya ratsa Barno da Cadi da Sudan, sa'an nan ya ƙetare teku. Wani shekaru yake yi kafin ya komo. Gurgu kuwa ba ya ko sa rai. Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925. Yau daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda bai wuce tafiyar awa 5 ba. To, gurgu fa, ko tsohon da ƙafa ta gaza? Shi ma yana iya zuwa, in ya san shirin da zai yi.

Wane irin keke?

A ƙasarmu ta Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, yawancin guragu keke mai ƙafa uku gare su, wanda ake murzawa da hannu. Masu walda ke ƙera shi. Yana da ƙarfi, yana jure wa hanyar kasuwa. Amma bai dace da jirgi ba, gama dogo ne, ga nauyi, kuma ba ya ninkewa.

Keken da ya dace da tafiya shi ne mai ƙafa huɗu, manya biyu, ƙanana biyu, wanda ake ninkewa kamar kujerar malam. In na alminiyum ne, nauyinsa wajen kilo 10 zuwa 14 ne, mutum ɗaya na iya ɗaga shi ya sa bayan mota. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin Doguwa, wanda zai ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada da Kwanar Dangora kafin ya kai Kano. A zaɓi mai tayar roba zalla, wadda ba a busa wa iska, don kada faci ya tsai da mutum a baƙon wuri. A duba birki yana kamawa.

Kada ranar tafiya ta zama ranar fara hawansa. A gwada shi tukuna. A je masallacin Jumma'a da shi. A fita shan iska bakin madatsar ruwan Tiga, wadda aka gama a 1974. Can mai turawa zai koyi hawan tudu da gangara, ya gane cewa in gangaren ya yi tsanani da baya ake sauka.

Abin da doka ta ce

Cikin watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa nakasassu bambanci. Dokar ta ce tilas kamfanonin jirgi su tanadi keke mai kyau na kai nakasasshe bakin jirgi, su taimake shi hawa da sauka, su kuma gabatar da shi bisa sauran fasinja. Mutumin da ya nuna bambanci ana iya cin sa tarar Naira 100,000, ko ɗaurin wata 6. Kamfani kuwa Naira 1,000,000. Watau taimakon nan ba sadaka ba ne, hakki ne. Kada kowa ya ji kunyar nemansa.

Kafin tafiya

Abu na fari, a faɗa da wuri. Maniyyaci ya gaya wa jami'in alhazai na ƙaramar hukumarsa tun ranar da ya biya kuɗin kujera, ya kuma maimaita wajen bita. Wanda ya sayi tikiti da kansa ya sanar da kamfani aƙalla kwana 2 kafin tashi. Za su tambaye shi abu uku. Yana iya hawa matakala? In ba ya iyawa, yana iya takawa zuwa kujerarsa cikin jirgi? Ko kuwa sai an ɗauke shi? A faɗi gaskiya. Wanda ya ɓoye ciwonsa shi zai kwana da shi.

Na biyu, a rubuta suna da lambar waya a jikin keken da fenti. Ga amfanin karatu ke nan: kekuna da yawa kama ɗaya gare su, wanda ya iya karanta sunansa ba ya ɗaukar na wani. A ɗauki hoton keken da waya, gaba da baya. A sa ƙaramar sifana cikin babban akwati.

A filin jirgi

A isa da wuri. Wurin awon kaya za a ɗaura wa keken takarda mai lamba, a ba mai shi rabi. A adana ta kamar kuɗi. Galibi ba a lissafa keken cikin nauyin kaya. A roƙa a bar mutum bisa kekensa har bakin jirgi. Can za a ninke shi a sa ƙasa wurin kaya, shi kuwa a ɗora shi bisa wani siririn keke mai shiga tsakanin kujeru.

Kafin a ba da keken, a cire matashin zama da matakin ƙafa a shiga da su. Su ne suka fi ɓata. Matashin kuma yana hana gyambon zama. Magani ya zauna cikin jakar hannu. A kewaya tun a ƙasa, domin makewayin jirgi matsattse ne ƙwarai.

In an sauka, a duba keken nan take. In ya karye, kada a fita sai an kai ƙara ofishin kaya an karɓi takarda. Ƙa'idar ƙasashen duniya ta ba da kwana 7 kaɗai na kai kuka a rubuce.

A Makka

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ɗawafi bisa raƙumi a hajjinsa na ban kwana. Saboda haka mai uzuri ba shi da abin damuwa. A Harami masu keke sukan yi ɗawafi a bene, inda zagayen ya fi tsawo amma babu matsi. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau 7 ne, wajen kilomita 3 ke nan. Akwai masu tura keke don lada na kuɗi. A nemi masu izinin hukuma, a yi ciniki kafin a hau. Ɗan'uwa mai ƙarfi ya fi, in da hali.

Jama'a, keken gurgu ƙafarsa ce. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Allah ya kira mu da rai da lafiya, amin.

Tambayoyi

1. Don me keke mai ƙafa uku bai dace da jirgi ba?
2. Kwana nawa kafin tashi za a sanar da kamfani?
3. Me za a cire daga keke kafin a ba da shi?
4. Rubuta sunanka da na garinku kamar yadda za ka rubuta a jikin keke.