Duka ba gyara ba ne: ina mace za ta kai kuka?

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ko harshe da haƙori suna saɓawa. Babu gidan da miji da mata ba su samun saɓani. Amma saɓani daban, duka daban. In hannu ya tashi, in jini ya zuba, in an kori mace da dare ita da goyonta, to magana ta wuce saɓani. Wannan shi ne cin zarafi cikin gida.

Cin zarafi ba duka kaɗai ba ne. Hana mace abinci da gangan yana ciki. Hana ta zuwa likita tana ciwo yana ciki. Haka ƙwace mata akuyarta, ko kuɗin sana'arta, ko amfanin gamanarta. Haka yi mata barazana da wuƙa ko sanda.

Abin da muka saba

A nan Ɗan Kasari, da sauran garuruwan Arewa, mace in ta ji wuya sai ta yi yaji, ta tafi gidan iyayenta. Bayan kwana biyu dangin miji su zo biko. Dattawa su zauna, a yi ma miji faɗa, a ba mace haƙuri, ta koma ɗakinta. In abin ya fi ƙarfin dangi, a tafi wurin liman ko wurin mai gari.

Wannan hanya tana da amfani, ta ɗinke aure da yawa. Dokar ƙasa ma ta yarda da ita. Dokar sarauta ta 2015 ta ba sarakuna da masu gari ikon yin sulhu a kan maganar al'ada, kamar rikicin aure ko na gona. Amma ikon sulhu ne kaɗai. Mai gari ba ya yanke hukuncin rauni. Ba ya ɗaure mutum. In an karya ma mace hannu, wannan aikin shari'a ne.

Mi doka ta ce?

Tun 1961 Nijar ta yi dokar hukunta laifuffuka, aka gyara ta a 2003. Aya ta 222 ta wannan doka ta ce wanda ya bugi wani da gangan, ko ya ji masa rauni, ana iya ɗaure shi daga wata 3 zuwa shekara 2. Ana iya cin shi tara daga jika 10 zuwa jika 100. In raunin ya yi tsanani, ko an yi amfani da makami, hukuncin ya fi haka. Ayar ba ta ce ban da miji ba. Igiyar aure ba ta ba kowa izinin duka.

Ba ni da kuɗin shari'a

Mata da yawa suna cewa: "Ni talaka ce, ina ni ina gidan shari'a?" Saboda irin wannan kuka ne aka yi wata doka ranar 14 ga Disamba 2011. Ita ce ta kafa hukumar taimakon jama'a wajen shari'a, wadda ake kira ANAJJ. Cibiyarta tana Yamai. An buɗe mata biro a manyan kotunan ƙasa. Na jiharmu yana babbar kotun Doso.

Taimakon hukumar iri biyu ne.

Na farko, shawara. Kowa yana iya zuwa, mace ko namiji, mai shi da marar shi. Za a saurare ki, a gaya miki abin da doka ta ce, a nuna miki ƙofar da za ki bi. Ana iya taimaka miki rubuta takardar ƙara. Wannan kyauta ne.

Na biyu, mai tsaya miki gaban alƙali. Lauya ne, wanda muke ce ma aboka. Da yake yawancin lauyoyi suna Yamai, a sauran jihohi ana naɗa wasu mutane da aka horar, su yi aikin kare mutum. Gwamnati ce ke biyan su.

Mutum in yana son wannan taimako na biyu, sai ya nuna shaidar cewa ba shi da hali. Amma doka ta ware wasu mutane da ke samun shi kai tsaye. Cikinsu akwai mace da aka buga ko aka yi ma fyaɗe. Akwai mace da ke neman kuɗin ciyarwa, ko riƙon yaranta, ko rabonta na gado. Akwai kuma yaro da aka cuta. Ku riƙe wannan da kyau: haƙƙi ne, ba alfarma ba.

In abin ya faru, mi za a yi?

1. A ceci rai tukuna. Mace ta fita, ta tafi wurin maƙwabta ko dangi, ita da yara.

2. A tafi likita da wuri, ko ta nan gari ko asibitin Dogon Dutsi. A faɗa ma ma'aikacin lafiya gaskiya. Kada a ce faɗuwa aka yi. A nemi takardar likita wadda ta nuna irin raunin. Rauni yana warkewa, takarda tana nan.

3. A kai ƙara wurin jandarma ko 'yan sanda, ko a kotun Dogon Dutsi. Wadda ba ta iya rubutu ba ta faɗi da baki, a rubuta. Kafin ta sa hannu, ta ce a karanta mata abin da aka rubuta, a fassara mata da Hausa.

4. A riƙe sunayen waɗanda suka gani ko suka ji. Su ne shaidu.

5. A tambayi ma'aikatan kotu yadda za a sadu da biron ANAJJ.

Kai ƙarar duka ba kashe aure ba ne. Maganar duka daban, maganar aure daban. In mace ta ga zaman ba ya yiwuwa, ita ma kotu tana duba wannan. A maganar aure da saki alƙali yana zama da dattawa masana al'ada, su ba shi shawara.

Aikin dangi da maƙwabta

Gaskiya ne, Doso da nisa, kuɗin mota ba su samuwa kullum. Kunya ma tana hana mace magana. Tana tsoron a ce ta tona asirin uban 'ya'yanta. Nan ne dangi ke da aiki. Uba, in ɗiyarka ta zo da kumburin ido karo na uku, kada ka ce mata haƙuri kaɗai. Wa ko ƙane, raka 'yar'uwarka likita. Matan da ke adashi tare suna iya haɗa mata kuɗin mota. Maƙwabci da ya ji kuka cikin dare ya buga ƙofa, ya kira mutane.

Ku maza, wannan doka ba gaba take da ku ba. Yaron da ya tashi yana ganin ana bugun uwarsa, tsoro yake koya, ko mugunta. Mai gida na ƙwarai da baki yake gyara gidansa, ba da sanda ba.

Ku mata, haƙuri abu ne mai kyau, amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wadda ta karanta wannan darasi ta gaya ma wadda ba ta zo aji ba.

Tambayoyi

1. Mi ya raba saɓani da cin zarafi?
2. Wane iko doka ta ba mai gari, wane ne ba ta ba shi ba?
3. Su wa ke samun mai tsaya musu gaban alƙali kai tsaye?
4. Don mi ake neman takardar likita da wuri?