Mai Rumbu Uku Ya Koma Neman Ɗaki Ɗaya

Mai karatu, ka taɓa jin manomin da ke da gida mai sassa huɗu, da rumbuna cike da gero, da shanun huɗa a turke, ya wayi gari yana bin ƙofa ƙofa yana tambayar ɗakin haya? Wannan ba tatsuniya ba ce. Abin da ya faru ke nan a Batsari da Safana, ƙananan hukumomin yammacin Jihar Katsina da ke bakin Dajin Rugu.

A da, mutumin ƙauye bai san haya ba. Haya ta malamin makaranta ce, ko ɗan sanda, ko ma'aikacin asibiti da aka turo daga wani gari. Manomi kuwa a gidan gado aka haife shi, a nan zai ɗaura wa ɗansa aure, ya ja masa ɗaki a gefe. Wa zai ce wata rana zai san farashin ciki da falo?

Sai ɓarayin daji suka sauya lissafi. A watan Mayun 2019 aka kashe manoma 18 a ƙauyen 'Yar Gamji, har 'yan'uwansu suka ɗauko gawarwakin zuwa birnin Katsina domin mahukunta su gani da idonsu. Ranar 14 ga Fabrairun 2020 aka afka wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar, aka kashe mutum 30, aka cinna wa gidaje da rumbuna wuta. Wanda ya tsira bai tsaya ɗaukar tabarma ba. Ka ɗauka kai ne, da mata biyu da yara goma, ka iso Batsari da hantsi, ƙafa duk ƙaya. Ina za ka dosa?

Makarantar firamare ta cika. Kangon da ba a rufa ba, wani ya riga ka, ya kafa buhu a taga ya rataya zane a ƙofa. Sai ka nemi dillali, ya kai ka wani lungu ya nuna maka shagon samari mai ƙofa a waje, ba banɗaki, ba wurin ɗora tukunya. Mai gida ya dube ka ya ce, "Malam, ku nawa ne?" Idan ka faɗi gaskiya, ya ce ɗakin ba zai ɗauke ku ba. Idan ka rage yaran, da dare ƙarya za ta tonu. To, mai karatu, gaskiya za ka faɗa ko ɗaki za ka samu?

A ce an yarda. Saura kuɗi, kuma na shekara ake so, ga la'adar dillali. Manomi ba ya da albashi. Bankinsa rumbu ne da turke, rumbun ya ƙone, shanun an kora su daji. Wanda aka taɓa sace masa ɗa ma ya riga ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa. Sai ɗan ragon da ya tsira, da ɗan'uwa a Legas ko Abuja mai turo abin da ya samu. Kana tsammanin ƙuncin ya ƙare a nan?

Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumban 2021, gwamnatin jihar ta Aminu Bello Masari ta ɗauki matakan toshe wa ɓarayi hanya. Aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, har da na Batsari da Safana, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Niyyar a matse na daji ne, amma ɗan haya ya ji a jikinsa. Ragon ba inda za a sayar da shi, ɗan'uwan ba yadda za a kira shi, sai an yi tafiya zuwa inda waya ke kamawa. Mai gida kuma ga shi tsaye a ƙofa. Me za ka ce masa?

A nan ne abin mamakin yake. Garin da kowa ya zaci zai fashe bai fashe ba. Yawancin waɗanda suka gudo ba a sansani suka zauna ba, gidajen mutane ne suka haɗiye su. Magidanci ya kwashe kayan zaure ya ba baƙo. Uwargida ta matsa, ta raba ɗakinta da matar da ba ta taɓa gani ba, tukunya ɗaya ta koma ciyar da gida biyu. Masu hali da tsoro ya kora Katsina, wasunsu sun bar gidajensu a hannun waɗanda tsoro ya koro daga ƙauye. Mai gudu ya ba mai gudu mafaka!

Ba a rasa masu son zuciya ba, waɗanda suka ga hawayen mutane suka hango riba, suka ƙara kuɗin ɗakin da a da ko kaji ba sa kwana ciki. Amma ga talakan da bai ƙoshi ba, ya buɗe ƙofa bai nemi ko sisi ba. Mai karatu, da kai ne mai ɗakin, kana da iyali, ga tsadar abinci, cikin biyun nan wanne za ka zama?

A watan Janairun 2025 aka yi zaman sulhu a Batsari, wasu jagororin 'yan bindiga suka miƙa makamai, daga baya Safana ma ta bi sahu. Wasu daga cikin manoman da suka gudo sun koma gonakinsu. Wasu kuma sun riƙe mabuɗin ɗakin haya gam, suna noma da rana suna dawowa gari kwana, domin sun ga irin wannan sulhun da aka yi a 2019 da yadda ya watse. Ba za a ga laifinsu ba. Wanda ya kamata a tambaya shi ne mai iko: yaushe manomin Batsari da na Safana zai kwana a gidan ubansa ba tare da ya ajiye kuɗin haya a aljihu ba?