Kumburi da Ƙari a Jikin Ɓeran Masar: Tsakanin Sakiya da Asibitin Dabbobi

Wannan sashe zai yi bayani ne a kan yadda ake kula da ɓeran Masar idan kumburi ya fito masa, musamman irin wanda ake zargin ƙari ne, a yankin Funtua da Malumfashi da ƙauyukan da ke kewaye da su a kudancin Jihar Katsina. Kafin a shiga cikin bayanin, ya dace a fara sanin ita kanta dabbar.

3.4.1 Ɓeran Masar da Matsayinsa a Gida

Ɓeran Masar, wanda masana kimiyya ke kira Cavia porcellus, wata 'yar ƙaramar dabba ce mai gajerun ƙafafu, marar wutsiya, wadda nauyinta kan kama daga giram 700 zuwa 1,200. Duk da sunan da aka laƙaba masa, ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, wato wajejen Peru da Bolibiya, inda aka daɗe ana kiwonsa domin nama. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ita ma masara, wadda ta zama ƙashin bayan noma a Funtua, da Masar ake danganta sunanta, alhali daga nahiyar Amurka ta fito.

A wannan yanki, galibi yara maza ne ke ajiye shi don sha'awa, a cikin akurki ɗaya da zomo ko kusa da ɗakin tantabaru. Ba a lissafa shi cikin dukiya kamar akuya ko tunkiya, kuma wannan matsayi nasa shi ke yanke hukuncin abin da zai same shi idan ya kamu da ciwo. Idan ya sami kulawa yakan rayu shekara 5 zuwa 7, kuma an fi ganin ƙari a jikin wanda ya haura shekara 3.

3.4.2 Ire-iren Kumburi

Bahaushe ya bambanta ƙurji da maruru da ƙari da kuma daji ko sankara a jikin mutum. Amma idan aka zo kan ƙaramar dabba, sai a haɗe su duka a ce "kumburi". A nan ne kuskure ke farawa, domin abubuwa ne mabambanta, kuma maganinsu ya sha bamban.

Kumburin da aka fi gani shi ne wanda ke fitowa a ƙarƙashin haɓa ko a gefen wuya. Sau da yawa wannan ba ƙari ba ne, kaluluwa ce ta cika da mugunya sakamakon wata ƙwayar cuta mai suna Streptococcus zooepidemicus. Ƙwayar kan shiga ne ta wani ɗan rauni a cikin baki, alal misali idan dabbar ta tauna busasshen kara mai tsini, ko kuma ta cizo yayin da maza biyu suka yi faɗa. Ke nan lokacin rani, sa'ad da ɗanyar ciyawa ta ƙare aka koma ga karan dawa da busasshiyar harawa, lokaci ne na yin hattara. Wannan ciwo yana yaɗuwa tsakanin dabbobin da ke akurki ɗaya, don haka ware marar lafiya shi ne mataki na farko, sannan wanda ya taɓa mugunyar ya wanke hannu da sabulu, domin ƙwayar tana iya kama mutum.

Shi kuwa ƙari na ainihi, tsiro ne na tsokar jiki. Wanda aka fi samu a fatar ɓeran Masar yana tasowa ne daga tushen gashi, galibi a gadon baya wajen ƙugu. Yakan yi girma sannu a hankali, wani lokaci ya fashe ya fitar da wani abu mai kauri, amma ba ya bazuwa cikin jiki, kuma idan aka cire shi gaba ɗaya an rabu da shi. Akwai kuma ƙarin kitse, mai laushi, wanda ke motsi a ƙarƙashin fata. Wanda ya fi haɗari shi ne na nono. Ɓeran Masar nono biyu gare shi a mara, kuma abin lura shi ne namiji ma yana kamuwa da wannan ƙari, wani daga cikinsa kuwa daji ne da ke iya kaiwa ga huhu. Har ila yau, tsohuwar mace kan sami ƙullutun ruwa a ma'ajiyar ƙwai, cikinta ya kumbura, gashin kuiɓinta biyu ya zube, har yaro ya ɗauka ciki ne da ita. Alhali cikin ɓeran Masar ba ya wuce kwana 59 zuwa 72. Abin da ya zarce haka ba ciki ba ne.

3.4.3 Maganin Gida

Al'adar Bahaushe ta tanadi sakiya domin kumburi, wato a huda shi da ƙarfe mai zafi mugunya ta fita, da kuma lalas, wato ƙona wurin. Makiyaya sun daɗe suna yi wa shanu haka. Sai dai abin da sa ya jure, dabbar da ba ta wuce kilo ɗaya ba ba za ta jure ba. Bugu da ƙari, mugunyar ɓeran Masar tana da kauri kamar cuku, ba ta tsiyaya kamar ta mutum, saboda haka ko an huda sai ta sake taruwa. Idan kuma ƙari ne, babu abin da zai fito sai jini, an kuma buɗe wa ƙuda ƙofa.

Amma duk wannan bai kai haɗarin maganin kanti ba. Abu ne sananne mai dabba ya sayi kafso a kemis ko a kasuwa ya jiƙa ya ɗura mata. Ga ɓeran Masar, penisilin da danginsa, irin su amfisilin da amoksisilin, guba ne. Dalili kuwa shi ne, narkewar abincinsa ta dogara ne ga wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsa. Waɗannan magunguna sukan kashe su, sai miyagun ƙwayoyi su sami sarari su hayayyafa, gudawa ta biyo baya, dabbar ta mutu cikin 'yan kwanaki. Daga nan sai a ɗora wa kumburin laifin da ba nasa ba.

3.4.4 Aikin Likitan Dabbobi

Tun asali, aikin likitancin dabbobi a Arewa an gina shi ne a kan shanu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, yaƙi da bushiya ne babban abin da ta sa gaba a lokacin, cutar da sai a 2011 aka tabbatar da kawar da ita daga duniya. Saboda haka asibitocin dabbobi na garuruwa sun fi sabawa da shanu da awaki da tumaki da kaji. Ga mutumin Funtua ko Malumfashi, wurin da ya fi kusa da ake iya yin cikakken bincike shi ne asibitin koyarwa na Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya.

Likita yakan fara da auna nauyi da laluben kumburin, ya duba haƙora, tun da haƙoran ɓeran Masar ba su daina tsiro, kuma ciwon tushensu kan jawo kumburin muƙamuƙi. Amma hannu kaɗai ba ya raba gardama. Sai an soka siririyar allura an zuƙo abin da ke ciki an duba a madubin likita kafin a ce mugunya ce, ko kitse, ko daji. Idan aka yanke shawarar tiyata, akan cire tsiron duka tare da jakarsa, a aika da shi ɗakin gwaji. Maganin barci yana da haɗari ga dabba mai wannan ƙanƙanta, kuma ba a hana ta abinci na dogon lokaci kafin aiki, domin ba ta amai, kuma hanjinta ba ya son zama babu komai.

Bayan tiyata, abinci shi ne rabin jinya. Jikin ɓeran Masar, kamar na mutum, ba ya iya sarrafa bitamin C da kansa, kuma rashinsa yana hana rauni warkewa. Dusa kaɗai ba ta wadatarwa. Sai an haɗa da ɗanyar ciyawa da ganyen zogale da tattasai da gwaba, waɗanda ake samu a lambunan yankin ko da rani.

Babbar matsalar dai ita ce kuɗi. Kuɗin mota zuwa Zariya da na gwaji da na aiki sun ninka kuɗin sayen dabbar sau da yawa, kuma maigida da wuya ya yarda, komai kukan yaron. A irin wannan hali, kai ta asibitin dabbobi na cikin gari ya fi barin ta a akurki, domin likita zai iya wanke ƙurji ya ba da maganin da bai cutar da hanji. Idan kuwa ya ga daji ne da ya ci jiki, dabbar ta daina cin abinci tana ramewa, yakan ba da shawarar a yi mata allurar da za ta kawo ƙarshen wahalarta.